Yadda Ake Amfani da Jel a Ɗakin Sikanin da Sashen Gashin Ƙashi

Wannan bayani na wanda ya fara aiki ne a ɗakin sikanin, ko wajen awon masu juna biyu, ko sashen gashin ƙashi, aka miƙa masa kwalbar jel ba tare da wani ya zauna ya koya masa komai a kanta ba. Yawanci haka abin yake: za a koya maka maɓallan na'ura, a koya maka gane hanta da ƙoda a allo, amma jel sai a ɗauka kowa ya san shi. Alhali hoto mai duhu, da ƙunar da majinyaci ke ji a wajen gashi, da cutar da ake kwasa daga wannan jiki zuwa wancan, sau da yawa daga kwalbar nan suke farawa.

Abin da ya kamata ka riƙe game da aikinsa kaɗan ne. Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, ta saurari abin da ya dawo, ta zana hoto da shi. A cikin tsoka sautin yana gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa ɗaya, a cikin iska kuwa wajen mita 340 kawai. Saboda bambancin da ke tsakanin iska da nama, idan akwai iska tsakanin kan na'ura (wato ɓangaren da ake riƙewa a hannu a ɗora a jiki) da fata, ko da siririya ce, fiye da kashi 99 cikin ɗari na sautin zai koma baya bai shiga ba. Jel galibinsa ruwa ne da aka kaurara da wasu sinadarai, aka sa masa gilisarin da maganin hana lalacewa. Aikinsa ya kori iskar nan, ya kuma bar kan na'ura ya zame a kan fata ba tare da ja ba. Ba magani ba ne, ko da yake za ka haɗu da tsofaffin da za su roƙe ka ka ƙara shafa musu a gwiwa.

Kayan da za ka tanada

- Jel na gama-gari a ƙaramar kwalba mai cin mil 250, don lafiyayyar fata.
- Jel marar ƙwayar cuta, wanda ke zuwa a 'yan ƙananan ledoji na giram 20, ana buɗewa a yi amfani da shi sau ɗaya.
- Rigar kan na'ura, ko kwaroron roba marar mai idan babu ita.
- Safar hannu, tishu mai laushi da tawul ko ƙyalle mai tsabta.
- Sabulun ruwa da maganin gogewar da kamfanin na'urarka ya amince da shi.
- Alƙalami mai rubutu a jikin roba, don rubuta kwanan wata.
- Robar ruwa mai ɗan zurfi, idan a sashen gashi kake.

Idan za ka saya, duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Aquasonic 100 shi ne sunan da aka fi sani, amma akwai wasu masu sauƙin kuɗi da ke aiki lafiya. Abin da nake dubawa shi ne kauri: ka matsa kaɗan a bayan hannunka ka karkata hannun. Idan ya tsaya, ya yi. Idan ya gangara nan take, a watan Afrilu zai zama ruwa ya bi gefen cikin majinyaciya ya jiƙa mata zani.

Mataki na 1: Zaɓi jel ɗin da ya dace da aikin

Kafin ka taɓa kwalba, tambayi kanka inda jel ɗin zai sauka. Idan lafiyayyar fata ce, kamar hoton ciki, na mara, na wuya ko na nono, jel na gama-gari ya wadatar. Amma akwai wuraren da ba a sa shi ko kusa: kan rauni ko sabon ɗinki, duk aikin da za a soka allura ana kallon allo, hoton da ake yi ta farji ko ta dubura, da jarirai bakwaini da ke kwance a sashen kulawa ta musamman. Waɗannan na leda ake buɗe musu, abin da ya rage kuma a jefar, ba a ajiye wa na gaba.

Wannan ba tsanani ba ne na banza. A 2021 hukumomin lafiya na Amurka, CDC da FDA, sun bi sawun wata cutar jini da ta kama majinyata a jihohi da dama, suka gano ƙwayar Burkholderia ce da ke cikin jel na gama-gari, kuma da yawan waɗanda suka kamu an yi amfani da shi ne wajen neman jijiya kafin a soka musu allura. Kwalaben sababbi ne daga kamfani. To ina ga kwalbar da ta yi wata huɗu ana ɗura mata sabo a kan tsoho?

Mataki na 2: Duba kwalbar

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi sakaci. Ranar da ka buɗe sabuwar kwalba, rubuta kwanan wata a jikinta. Idan ta cika wata ɗaya, a jefar da ita ko da saura a ciki. Idan ka ga launin ya canza, ko ruwa ya rabu ya taso sama, ko akwai wari, ko bakin ya yi ɓawon datti, ba sai wata ya cika ba.

Ƙa'idar da ta fi tsaro ita ce kada a sake ɗura jel a kwalbar da ta ƙare. Na san yadda asibitocinmu suke: jarkar lita 5 ake saya domin ta fi arha, a riƙa ɗibar ta. Idan babu makawa sai an yi hakan, to kada ka taɓa ƙara sabo a kan tsoho. Ka bari kwalbar ta ƙare, ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu har murfin, ka kife ta ta bushe ƙarau, sannan ka ɗura kai tsaye daga bakin jarkar ba tare da cokali ko mazurarin da ke yawo a kan tebur ba. Kwalaba biyu ko uku da ake juyawa sun fi ɗaya, domin ba za ka yi gaggawar cika wadda ba ta bushe ba. Kuma kada a sirka jel da ruwan famfo wai don ya yi auki. Ruwan yana raunana maganin da ke hana shi lalacewa, ya shigo da ƙwayoyin cuta, hoton ma ya ragu.

Batun ɗumamawa kuma: lokacin hunturu jel yana yin sanyi ƙwarai, yaro zai zabura, babba ya ɗaure ciki. Amma ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin cuta ke so. Kada ka jefa kwalbar cikin robar ruwan zafi ta wuni a ciki, kada ka ajiye ta a taga rana ta dake ta. Idan kuna da na'urar ɗumama jel ta busasshen zafi, a sa kwalbar da za a yi aiki da ita a ranar kawai. Idan babu, ka ce wa mutum akwai sanyi, ya fi ka ba shi mamaki.

Mataki na 3: Shirya majinyaci

Jel ba zai gyara shirin da ba a yi ba. Mai hoton hanta da matsarmama ya kwana ko ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci abinci ba. Mai hoton mara ko ƙaramin ciki ta sha ruwa kamar lita ɗaya, wato leda biyu na fiya wata, awa ɗaya kafin a shiga, ta riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ita ce tagar da ake hango mahaifa ta cikinta.

Ka wanke hannu, ka gaya wa mutum abin da za ka yi kafin ka yi: "Hajiya, zan sa miki wani abu mai sanyi a ciki, ba ya zafi, kuma ba ya ɓata kaya." Idan namiji ne kai kana duba mace, a samu ma'aikaciya a ɗakin, a ja labule, a buɗe iya wurin da ake buƙata. Ka cusa tishu a bakin zani ko wando don kada jel ya shiga. Ka tambaya ko fatarsa ta taɓa yin ƙaiƙayi ko borin jini bayan sikanin, ko kuma roba tana ba shi matsala. Ba kasafai ake samu ba, amma akwai.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne man shafawa. Da hunturu mutane suna zuwa jiki sharkaf da basilin ko man kaɗanya. Ka goge wurin da tishu ko jiƙaƙƙen ƙyalle tukuna, domin maiko yana hana jel kama fata, kuma yana cin robar da ke fuskar na'ura a hankali.

Mataki na 4: Zuba jel

Riƙe kwalbar sama da fata kamar tsawon ɗan yatsa, ka matsa. Bakin kwalba kada ya taɓa fatar mutum, kada ya taɓa kan na'ura, kada ya taɓa safar hannunka. Da zarar ya taɓa, abin da ke jikin wannan ya shiga kwalbar kowa. Kada ka jijjiga kwalbar da ƙarfi, kumfar iska za ta cika ta, kuma iskar ce muke gudu. Idan ta kusa ƙarewa, ajiye ta a kife da murfinta a rufe.

Yawan da za a sa ya danganta da wuri. Hoton ciki na babban mutum, kamar cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu, a ƙara idan an matsa wani gefe. Wuya ko sauraren bugun zuciyar jariri da ƙaramar na'urar hannu ta wajen awo, ƙaramin cokali ya isa. Mai gashi a ƙirji ko mara yana buƙatar ƙari, kuma ka murza jel ɗin da kan na'ura har ya shiga ƙarƙashin gashin, domin gashi yana riƙe iska. Ba sai an yi aski ba.

Akwai wata dabara ga abin da ke daf da fata, kamar ƙari a bayan hannu ko jijiyar da ke bajewa idan an danna. Tara jel ya yi tudu kamar kaurin santimita ɗaya, ka ɗora kan na'ura a saman tudun ba tare da ka danna har fata ba. Za ka ga baƙin layi a saman allo, abin da kake nema kuma ya fito sarai a ƙarƙashinsa.

Mataki na 5: Ɗauki hoton kana karanta alamun jel

Ka ɗauki kan na'urar da ya dace. Mai lanƙwasar baki, mai megahaz 2 zuwa 5 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne), na ciki ne da mara. Mai miƙaƙƙen baki, mai megahaz 7 zuwa sama, na wuya ne da nono da jijiyoyi da maraina. Alamar da ke gefensa ta kalli dama ta majinyaci idan a gicciye kake, ta kalli kansa idan a tsaye kake.

Idan ka ga baƙar inuwa ta sauko tun daga can saman allo a gefe ɗaya, kada ka fara murɗa maɓallin haske. Gefen na'urar ne ya ɗaga, ko jel ya ƙare a wurin. Ƙara jel, ka daidaita hannunka. Idan inuwar tana nan a wuri ɗaya duk inda ka kai na'urar, ko ka ƙara jel ba ta gushe ba, to fuskar na'urar ce ta samu matsala, a kira masu gyara. Inuwar da ta fara daga tsakiyar hoto kuwa ba laifin jel ba ce: haƙarƙari ne, ko iskar hanji, ko tsakuwa.

A ɗakin da fanka ke kaɗawa, jel yana bushewa da sauri ya fara danƙo. Da ka ji na'urar tana jan fata, ƙara sabo. Sababbin ma'aikata sukan maye gurbin jel da ƙarfin hannu, su yi ta danna cikin mace mai cikakkiyar mafitsara. Wannan azaba ce kawai, hoton ba zai gyaru ba.

Mataki na 6: Idan za a sa wa na'ura riga

A hoton da ake yi ta farji, ko aikin allura, jel yana shiga wuri biyu. Ka fara sa kaɗan a cikin rigar ko a fuskar na'urar, ka zura rigar, sannan ka shafe saman da yatsa har kumfar da ta maƙale ta fita. Kumfa ɗaya a nan tana iya rufe maka rabin hoto. Bayan haka ka buɗe na leda ka sa a waje. Idan kwaroron roba ne, kada wani mai ya taɓa shi, domin mai yana yaga roba. Idan matar tana neman haihuwa ne ana bibiyar ƙwanta, a guji kwaroron da aka sa wa maganin kashe maniyyi.

Mataki na 7: Jel a wajen gashi

Na'urar gashi ita ma da sauti take aiki, amma ba hoto take ɗauka ba, zafi da girgiza take turawa cikin tsoka, saboda haka kuskure a nan yana ƙuna. Megahaz 1 yana kaiwa zurfin santimita 3 zuwa 5, megahaz 3 kuma na abin da bai wuce santimita 2 da ɗan kai ba. Ƙarfin da aka saba bayarwa yana tsakanin wat 0.5 da 2 a kowace murabba'in santimita, na minti 5 zuwa 10. Likitan gashi ne ke yanke waɗannan, ba mai riƙe na'ura ba.

Tsarin shi ne: jel tukuna, sannan a ɗora kan na'ura a fata, a fara motsa shi, sannan a kunna. In an gama, a kashe kafin a ɗaga. Kunna ta a iska yana sa kan ya yi zafi ya lalace. Jel ya fi na sikanin yawa, ya rufe duk filin da za a bi, filin kuma kada ya wuce ninki biyu na faɗin kan na'urar. Ka riƙa zagayawa a hankali, kamar santimita 4 a daƙiƙa, kowane zagaye yana hawa kan rabin na baya. Kada hannunka ya tsaya, ko waya ce ta yi ƙara. Rabin lokaci ka duba, in jel ya baje ka tattaro shi ko ka ƙara.

Ka gaya wa majinyaci tun farko: "Baba, ɗumi kaɗan za ka ji. In ka ji zugi can cikin ƙashi, ka faɗa mini nan take." Dattawanmu suna da kawaici, wasu kuma sun ɗauka zafin ne maganin, sai su cije. Zugin nan alama ce ta fatar ƙashi ta ɗau zafi, sai a rage ƙarfi ko a tsaya.

Wuraren da ba a gasawa: ciki da ƙugun mai juna biyu, kan ciwon daji, ido, maraina, kusa da na'urar daidaita bugun zuciya, ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, wurin da ke ruruwa da ƙwayar cuta, gaɓoɓin yaran da ƙashinsu bai gama girma ba, da duk inda mutum ba ya jin taɓi, kamar ƙafar wasu masu ciwon suga.

Idan wurin yana da tudu da kwari, kamar yatsu ko idon sawu, jel ba zai cike giɓin ba. Sai a koma ruwa. Ka tafasa ruwa ka bari ya huce, domin tafasawa tana fitar da iskar da ke cikinsa. Zuba a roba, ba kwanon ƙarfe ba. A nutsa hannun ko ƙafar, a riƙe kan na'ura kamar santimita ɗaya daga fata ana motsa shi, a riƙa share kumfar da ke taruwa a fata da fuskar na'urar. Ka tabbata kan na'urarku irin wanda aka yarda ya shiga ruwa ne, wayarsa kuma ba ta da tsaga.

A ra'ayina, gashi da wannan na'ura taimako ne kawai. Wanda aka gasa wa kafaɗa bai yi motsa jikin da aka ba shi ba, zai daɗe yana zarya.

Mataki na 8: Gogewa

Ba majinyaci tishu ya goge da kansa, ka taimaka inda hannunsa bai kai ba, musamman cibiya da ƙarƙashin nono. Idan za a yi masa tiyata ko allura a wurin nan gaba kaɗan, a wanke jel ɗin sosai kafin a shafa maganin tsabtace fata.

Sai na'ura. Danna maɓallin tsayar da hoto, ka goge jel ɗin da tishu mai laushi tun bai bushe ba, sannan sabulu da ɗan ruwa, sannan maganin gogewa. Maganin ba ya aiki a kan jel, dole sai an cire shi. Kada ka manta da waya da wurin ratayewa, nan ne busasshen jel ke taruwa. Sifirit, aidin da bilic mai ƙarfi suna fasa fuskar na'urori da yawa, saboda haka ka karanta littafin taku. Wadda ta shiga cikin jiki tana buƙatar jiƙawa a maganin kashe ƙwayoyi mai ƙarfi na tsawon lokacin da aka rubuta a jikinsa, ko da an sa mata riga, domin riga tana iya hujewa ba ka gani ba. Kada a nutsa ta wuce layin da kamfani ya nuna, kada kuma a sa ta a tukunyar turara kayan tiyata.

Idan jel ya ƙare

Yana faruwa, musamman a asibitin karkara. Abu na farko da za ka nema shi ne jel mai ruwa da ake sa wa robar fitsari, irin K-Y. Yana aiki, sai dai yana saurin bushewa kuma ya fi tsada. Don duba na gaggawa, ruwan gishirin ƙarin ruwa ma zai ba ka hoto na ɗan lokaci, in kana ƙarawa.

Idan yankewar za ta ɗauki kwanaki, ana dafa na sitaci. An gwada na masara, an kuma gwada na garin rogo a gabashin Kwango, hotunan sun yi kyau. Ga na masara: sitacin masara fari mai laushi, marar launi da ƙamshi, gwangwani ɗaya, ruwa gwangwani goma. Garin tuwo ba zai yi ba, yana da dusa da tsaki. Dama sitacin da ruwan sanyi har gudaji su mutu, ɗora a wuta matsakaiciya kana juyawa ba tsayawa, ya tafasa na 'yan mintuna har ya yi kauri kamar koko mai kauri, farin ya koma garai-garai. Juye shi da zafinsa a wankakkiyar kwalba, rufe, bari ya huce sosai kafin ya taɓa jikin kowa. Rubuta rana da lokaci. Ba shi da maganin hana lalacewa, don haka bayan awa 48 a zubar a dafa sabo, a lokacin zafi ma gara a dafa na kullum. Na lafiyayyar fata ne kawai: ba ya zuwa kan rauni, ba ya shiga cikin jiki, ba ya kusantar allura. A wajen gashi kuwa kada ka dogara da shi, ka yi amfani da hanyar ruwa inda ta yiwu, sauran a ɗage musu har jel ya zo.

Abubuwan da ba za ka sa ba duk matsin da kake ciki: basilin, man gyaɗa, man ja, man kaɗanya, man jarirai, man zafi da man wanke hannu mai sifirit. Wasunsu za su nuna maka hoto a ranar, amma suna kumbura robar fuskar na'ura su ɓamɓare ta, kuma kuɗin sabon kan na'ura ɗaya zai sayi jarkokin jel na shekaru. Man zafi a ƙarƙashin na'urar gashi kuma yana ɓoye wa majinyaci zugin da ya kamata ya ji ya faɗa maka.